Kada Ki Dawo Saboda Idona

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga 'yata Ramatu,
a gidan Gwaggonki Lami, Bacirawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Gwaggonki da maigidanta da yaran gidan gaba ɗaya. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Allah ya tsare min ke a fitarki da komawarki, ya kiyaye ki daga sharrin titi da sharrin bakin mutane, amin.

Rubutun na Innarki ne, maganar tawa ce. Ga mu a gindin darbejiya, ta ɗora takarda a kan faifai, ta ce in gaya miki duk inda kika ga layi ya karkace laifina ne, wai ina zuba kamar mai tallan magani a kasuwa. Da ma ina iya kiranki a waya, amma na san hali. Kafin in kai tsakiyar magana kin fara "To Baba, to Baba," ni kuma da na ji muryarki sai abin da na shirya ya watse, mu ɓuge da hirar tumatir. Shi ya sa na ce a rubuta.

Jiya Gwaggonki ta kira ni. Ta ce mutanen gidan rediyo sun yaba da gwajin da kika yi, sun ce ki je ranar Litinin ki faɗa musu ko za ki riƙe shirin gyare-gyaren nan ya zama naki duk mako. Ban gama hamdala ba sai ta ce, "Yaya, tsaya tukuna. Yarinyar nan fa na same ta tana ninke kaya a jaka. Wai ba za ta karɓa ba, gida za ta koma. Na ce me ya yi zafi? Ta ce, 'Gwaggo, wa zai zama idon Baba?'"

Ramatu, saboda wannan Litinin ɗin na zaunar da Innarki da biro. Ki ajiye jakar nan, ki zauna, ki karanta har ƙarshe, sannan ki yi abin da za ki yi. Ba zan cika ki da labarin gida ba. Kurakuraina zan ba ki, don a cikin duk tarkacen da na tara su ne ba su yi tsatsa ba.

Kin tashi kin same ni da abu biyu. Noman rani a bakin ruwan Watari shi ne abincinmu. Buɗe cikin rediyo kuwa wani ciwo ne Allah ya ɗora min tun ina saurayi, ban taɓa buɗe shago ba, ban kuma taɓa ƙoshi da shi ba. A wurin wani dattijo na fara gani, mai gyara a kasuwar garinmu. Mutumin nan idan zai taɓa ainihin inda ciwon rediyo yake, sai ya juya maka baya, ya lulluɓe hannunsa da gefen riga. Na daɗe ina leƙe ta ƙarƙashin hammatarsa kafin in tsinci ɗan abin da na tsinta. To maimakon in ce wannan hali ba shi da kyau, sai na ɗauka haka gwanaye suke yi. Ni ma da hannuna ya faɗa, sai na koma juya baya.

Kin san abokina Ɗanjuma, wanda gonarsa ke jikin tamu. Ya taɓa kawo min tocilarsa, ya tsuguna a gabana ya ce, "Malam Isa, nuna min mana, in ta sake mutuwa ba sai na dame ka ba."

Na ce, "Ɗanjuma, je ka duba fangalinka, na ji kamar ruwa na zuba."

Bawan Allah ya tashi ya tafi. Abin da ke damun tocilar nan kuwa tsatsa ce kawai a bakin batir, da ɗan yashi ake goge ta. Na goge, da ya dawo na miƙa masa ina hura hanci, sai ka ce matacce na tayar. Me na samu? An riƙa ce min gwani, shi ke nan. Ranar da idona ya fara tafiya, duk faɗin ƙauyen nan babu mutum ɗaya da ya iya riƙe ƙarfen dalma na liƙin waya, saboda ni da kaina na kore su ɗaya bayan ɗaya.

Don haka idan kin zauna gaban abin maganar nan, kada ki rage komai. Ki faɗi abin da kika yi, da abin da kika gwada ya ƙi, har da abin da kika ƙona. Idan gyaran goge tsatsa ne, ki ce goge tsatsa ne, kada ki naɗa masa rawani. Idan wani ya bugo waya ya tambayi abin da ba ki sani ba, ki ce, "Ban sani ba, amma zan tambayo," kuma ki tambayo ɗin. Akwai tsofaffin hannu a kasuwannin cikin gari, ki je ki durƙusa ki gaishe su. Wasu za su juya miki baya irin na ubanki, kada ki ji haushinsu, ki wuce wurin na gaba.

Na biyu, tun ban fara ba Innarki ta ajiye biro tana dariya, don ta san inda na nufa. A zamaninmu idan batir ya yi sanyi mukan shanya shi a rana, ya ɗan farfaɗo, a samu a ji labaran yamma. Ni sai wayona ya ce min, in dai zafin rana na tayar da shi, ai zafin murhu zai fi. Wata rana da damina hadari ya rufe sama, ana kuma wasan ƙwallon da nake mutuwar son ji. Lokacin Innarki tana amarya. Na faki idonta, na lallaɓa na tura baturan rediyona cikin toka mai zafi, ƙarƙashin tukunyar miyar kuɓewa, na koma zaure ina jira su nuna.

Sai ji muka yi fau! Kaji suka watse, akuya ta tsinke igiya, Innarki ta fito a guje da muciya a hannu tana salati. Toka da baƙin garin batir sun cika miya, murfin tukunya yana can gindin rumbu. Ranar gayan tuwo muka ci, ƙwallon ma ban ji ba. Muna dariya yanzu, amma da a ce ta sunkuya tana hura wuta a lokacin, da wani labarin ake yi. Ta ce in ƙara da cewa har yau ban ba ta haƙuri yadda ya kamata ba. To ga shi a rubuce, da hannunta ma: ki yi haƙuri, Innar Ramatu.

Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne, masu sauraronki irina ne. Ki gaya musu abu ɗaya, su ƙara biyu daga kansu. Kuma ba a wani ɗakin gwaji suke zaune ba, suna jikin zana ne, ga rumbu cike da gero, ga yara na rarrafe. Baturan yanzu na waya da na fitilar sola ba irin namu ba ne, ke da kanki kika gaya min idan suka kumbura aka huda su wuta suke kamawa. Duk abin da za ki koyar, ki tsaya tukuna ki tambayi kanki, da Baba yana saurayi ya ji wannan, wace ɓarna zai ƙara a kai? Sai ki toshe ta kafin ki ci gaba, ki kuma maimaita. Babbar wutar da ke zuwa ta kan falwaya kuwa, ki ce su bar wa masu ita. Idan aka ce miki lokaci ya ƙure, ki rage gaishe-gaishe, ki rage barkwanci, amma gargaɗi ki faɗe shi cikakke.

Na uku ba na dariya ba ne. Ni da nake yi wa mutane faɗa su kawo rediyo tun yana 'yar shaƙewa, kada su jira ya mutu, da idona ya fara dishi-dishi ta gefe sai na ce gajiya ce. Na ce hayaƙin dalma ne. Na sa kwalli, na ɗiga abin da aka ba ni a kasuwa, na sayi tabarau a kan tebur. Innarki ta yi magana har ta gaji. Sai ranar da na tattake fangalin albasa guda ban gan shi ba, yayanki Sunusi ya baro aikinsa a kasuwar Dawanau ya ɗauke ni zuwa asibitin ido. Likitar ta haska idon, sannan ta ce, "Baba, ina ka tsaya? Hawan jinin ido ne. Abin da ya rage za mu yi ƙoƙarin riƙewa, wanda ya tafi kuwa ya tafi."

Kin san abin da ya rage: in bambance haske da duhu, in ga mutum kamar inuwa. Na karɓi ƙaddara hannu biyu, amma sakacina nawa ne, ba zan jingina shi da ita ba. Likitar ta ce abin yana bin jini. Yanzu kina gari, asibiti na kusa da ke. Ki je a auna idonki ko ba ya ciwo, ki ja Sunusi ku tafi tare, in ya ce kasuwa ta riƙe shi ki ce ni na ce. Kada ki yi liƙi a rufaffen ɗaki, kada ki kifa fuska a kan hayaƙi, in idonki ya gaji ki tashi ki bar aikin.

Daga nan ne kika shigo. Kin gama sakandare kina zaune, ni kuma hannuna na ƙaiƙayi, mutane ba su daina kawo kaya ba. Na ce ki zo ki riƙa duba min. Nan na yi kuskure na huɗu, kuma a kanki na yi shi. Za ki buɗe rediyo ki ce, "Baba, wannan ne ya ƙone." In ce wanne? Ki ce, "Wannan na nan, kusa da wancan." Wata rana haushi ya kwashe ni na daka miki tsawa, na ce, "Ke! In da ina ganin wannan da wancan, me zan yi da ke?" Kika tashi sumui-sumui kika shige ɗaki. Wallahi haushin idona nake ji, amma ke na sauke wa. Na zauna kunya ta ishe ni, girman kai kuma ya hana ni kiranki.

Bayan la'asar sai ga ki. Kika kama hannuna, kika buɗe tafin, kika zuba min ƙwayar gero, da ta dawa, da wake, da gyaɗa. Kika ce, "Baba, daga yau da waɗannan za mu riƙa magana. Na ajiye rediyon eriya na kallon gabas. Aza yatsa a gidan batir, ka yi arewa kamar faɗin yatsa biyu, za ka ji gyaɗa a tsaye. To abin da ya ƙone yana bayanta, girman wake ne, a kwance, ƙafarsa biyu."

Na bi da yatsa. Na ji gyaɗar. Na zagaya bayanta, sai ga waken nan, har ya yi ƙuraje saboda ƙuna. Ramatu, tun kafin a haife ki nake wannan aiki, ban taɓa kawo irin wannan dabara a raina ba. Idan wani ya ce miki gado kika yi, ki ce masa son buɗe-buɗe ne gadon. Gero da wake kuwa naki ne ke kaɗai, ni ɗalibi ne a ciki, kuma ba na jin kunyar faɗa a gaban kowa.

Sauran kin san shi, amma bari in faɗa, don daɗin faɗa nake ji. Kika fara ɗaukar hirarmu a waya, mai cajin bakin kasuwa ya riƙa zuba wa mutane a memori, abu ya riƙa tafiya daga waya zuwa waya. Lokacin da kika koyar da yadda ake yin fanka da ɗan injin tsohuwar rikoda da murfin bokiti, sai da matan ƙauyen nan suka rasa murafensu, har ƙara aka kawo min. Wanda kika yi kan 'yar ƙararrawar da ke kuka idan ruwa ya cika fangali, Sunusi ya ce ya tarar da wani direban babbar mota a Dawanau ya kunna shi, masu dako sun kewaye shi suna saurare. Ya ce musu, "Ƙanwata ce wannan, uwa ɗaya uba ɗaya." Suka ce ya tafi can da ƙaryarsa. Tubarkalla! Ranar da ya ba ni labarin nan kaina ya yi girman da hula ta ƙi shiga.

A gari za ki haɗu da waɗanda suka yi karatun abin, kowane ɗan ƙarfe suna da sunansa na Turanci. Ki koya, ki koya sosai, ki kuma riƙa faɗa wa mutane sunan don su san abin da za su ce wa mai shago. Amma idan wani ya ce miki gero da wake ƙauyanci ne, ki yi masa murmushi ki ci gaba da abinki. Duk mai sauraron rediyo, ko idonsa garau yake, ba ya ganin abin da ke hannunki, a wannan lokacin ni da shi ɗaya muke. Idan bayani ya cije miki, ki rufe ido ki ɗauka ni ne a gabanki. Idan kuma mai bugo waya ya kasa ganewa, kin faɗa ya sake tambaya, kin sake ya sake, kada ki yi masa abin da na yi miki. Wataƙila shi ma wani haushin ne ke cinsa wanda ba ki sani ba.

Ga wasu 'yan ƙanana kafin in manta. Kada ki mayar wa Gwaggonki ɗaki bola. Jinina ce ke, na san ba ki iya wuce matacciyar fitila a hanya ba ki ɗauka ba. Ki nemi kwali ɗaya, abin da bai shiga ba ki haƙura da shi. Ki taya ta aiki kafin ki fita, magariba ta same ki a gida. Kada ki buɗe mata talabijin sai in ita ta ce, kuma ko ta ce, ki bari maigidanta ya ji da kunnensa. Samarin da za su riƙa bugowa wai rediyonsu ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau, ki ba su lambar Sunusi, shi zai gyara su.

Yanzu na zo kan wanda ya sa kike ninke kaya. Na ce wa Innarki ta rubuta shi yadda ya fito daga bakina, kada ta yi masa kwaskwarima.

Ni na sa miki tunanin nan cewa ba zan iya ba sai da ke. Ban faɗa da baki ba, amma na koya miki shi kullum. Sau nawa nake ƙwala miki kira, "Ramatu, ina sukundireba?" alhali tana ƙarƙashin cinyata, ina jin sanyinta? Sau nawa na ce ki kai ni ƙofar masallaci, hanyar da ƙafata ta haddace tun ina yaro? Motsinki nake son ji kusa da ni, shi ke nan. Bara da mutanen rediyon nan suka fara aiko miki, kika zo kika durƙusa kika ce, "Baba, in je?" Na ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri." Addu'a ce mai kyau, amma da wata irin murya na yi ta, na kuma kawar da kai. Kika gane, don ke kina jin abin da ke ƙarƙashin magana. Kika ce musu ba yanzu ba. Na ji daɗi a ranar, Allah ya yafe min. Akwai ƙauna a ciki, ban musa ba, amma son kai ya fi yawa.

Ki riƙe wannan har gidan aurenki. Duk wanda kike ƙauna, miji ne ko ɗa, kada ki ƙara wa rauninki gishiri don ya zauna kusa da ke. Kuma kada ki yarda a yi miki haka, ko da ni ne.

Bari in gaya miki abin da ya faru ranar Asabar, ranar gwajinki, don a waya cewa kawai na yi, "Mun ji, madalla."

Tun bayan azahar zaure ya cika. Ɗanjuma ya zo da tabarmarsa. Liman ya leƙo wai wucewa yake, bai wuce ba. Mata suna cikin gida da nasu rediyon. Da kika yi sallama, kika faɗi sunanki da sunan ƙauyenmu, zauren nan ya ɗauki kabbara, sai da na ce, "Haba jama'a, ku yi shiru mana, 'yata na magana!" Kika ce yau fitilar sola za a buɗe, irin wadda ke ɗaukar caji amma ta ƙi kamawa, duk mai irinta ya ɗauko. Innarki na da ɗaya da ta mutu tun kaka. Na ce a miƙo min ita.

Ɗanjuma ya ce, "Malam Isa, kawo in riƙe maka."

Na ce, "Kowa ya janye hannunsa."

Kika ce a kwance murfi, a cire batir tukuna a ajiye gefe. Na yi. Kika ce a kwantar da ita makunni na kallon gabas, a bi waya da yatsa daga gidan batir a hankali, a bayan makunni za a ji wani abu girman dawa mai ƙafa uku, a ɗan taɓa kowace ƙafa a ji ko tana motsi. Na taɓa ta farko, daram. Ta biyu, daram. Ta uku sai na ji tana lilo. Na ce, "Ga ɓarawon!"

Saura liƙi, shi kuwa ba a yin sa da lalube. Na ce wa zai riƙe min ƙarfe? Duk mazan nan babu wanda ya miƙo hannu, liman ma tari ya kama shi. Sai muka ji murya daga bayan ƙofar cikin gida an ce, "A shigo da ita nan." Innarki! Matar da tun tana amarya take cewa warin dalma na hana ta cin abinci. Na tashi da fitila a hannu na shiga, babu wanda ya ja ni. Ta sa ƙarfen a garwashi, ta ce ai ba zai fi zura zare a allura wuya ba. Na ɗora mata yatsa a kan ƙafar, na janye nawa. Ɗigon farko ya zame. Na buɗe baki zan yi faɗa, na tuna, na rufe. Na biyu ya kama. Kina can kina amsa wayar wani mutum, ni kuma na mayar da batir, na juyo da fitilar saitin fuskata, na danna.

Ramatu, na ga hasken. Shi kaɗai ya rage min a duniya in gani, kuma na gan shi. Mata suka rangaɗa guɗa, na zaure suka ɗauka wani abu ne ya faru. Ni dai na tsaya a tsakar gida da rana tsaka, riƙe da fitila a kunne, hawaye na zuba, ban damu da wanda ya gani ba. Innarki ta ce kada in sa wannan a takarda, wai girmana zai zube. Na ce ta rubuta.

Kin tambayi Gwaggonki wa zai zama idon Baba. To ranar Asabar ke ce, kina can cikin gari. Duk zaman da muka yi gwiwa da gwiwa ba ki taɓa yi min bayani mai kyau irin na ranar ba. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Ɗanjuma ya koma gida ya buɗe tasa, har yau ya kasa mayar da murfin, amma ta kama, yana ta yawo da ita a hannu yana nuna wa mutane cikinta. Sauran kwanakin mako kuwa ga Innarki, ga sandata, ga Sunusi yana zuwa duk Juma'a. Maganin ɗigawa ba ya wuce lokacinsa, Innarki ta fi ki tsanani ma, ko ina tsakiyar hira sai ta kama min kai.

Ba zan yi miki ƙarya ba, gidan ya yi shiru. Da safe nakan buɗe baki zan kira ki, sai in tuna. Ina kewarki ƙwarai, 'yata, kuma na san ba dainawa zan yi ba. Amma wannan kewar tawa ce, kowane uba da irin tasa. Ki bar min abina, zan iya ɗauka.

Bara kin tambaye ni, na ba ki amsa a karkace. Yau ga ta a miƙe, Innarki shaida ce: ki je. Ranar Litinin ki shirya da wuri, ki yi bismilla, ki shiga wurin mutanen nan ki ce kin karɓa. Na yarda, na sa albarka, da zuciya ɗaya. Ki zo mana da Sallah, ki zo da hutu, ƙofa a buɗe take. Amma idan kika dawo gidan nan saboda idona, wallahi zan yi fushi da ke, irin fushin da ba ki taɓa gani ba.

Ki gaida Gwaggonki da maigidanta, ki ce na gode da riƙo, Allah ya saka musu da alheri. Innarki na gaishe ki, ta ce hannunta ya gaji, ta kuma ce ki riƙa cin abinci kafin ki fita. Allah ya tsare ki, ya tsare hannunki daga wuta, ya tsare harshenki daga kuskuren da zai cutar da wani. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa albarka a muryarki, ya bar miki idonki har tsufa. Allah ya yi miki albarka, amin summa amin.

Ranar Asabar muna zaure. Ki riƙa magana a hankali, ubanki na bi da yatsa.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Malam Isa,
daga bakin ruwan Watari.